Koriyar Jallabiyar Baba

Asabar, 17 ga Satumba, 2011. Bayan La'asar.

Na sayi littafin nan ne don rubuta sunayen amare da ranakun lallensu. Tun ƙaramar Sallah babu wadda ta yi lalle a hillarmu, wato ƙauyen nan namu, to bari in ɓata shafukan da surutuna, tunda a gidan nan an hana kowa magana.

Shekara uku ke nan da yayana Mukhtar ya ɗora mini kamara a kafaɗa, don shi ba a barinsa ya shiga wurin mata a biki. Ni nake ɗaukowa, in yanka, in sa kiɗa. Abin da ya fi ƙarfina shi yake yi. Shagonsa yana Damazin, tsohuwar kwamfutarsa tana ɗakina. Kwana biyu bayan Sallah ya koma da kamarar, wai yana da biki ranar Juma'a. Ya ce kwana huɗu zai yi. A ranar da ya isa yaƙi ya ɓarke a can. Wayarsa a kashe take. Yau kwana goma sha shida.

Baba ya faɗi a hawasharsa, wato gonarsa, cikin kunyar gyaɗa, mako guda bayan nan. Likitan Sinnar ya ce hawan jini ne, ɓarin dama ya shanye. Inna ta tara mu ta ce duk wanda ya ƙara masa da wani labari ba za ta yafe masa ba. Ta cire wa rediyo batir. Abin da Baba ya sani shi ne ruwan damina ya cinye hanya.

Ɗazu ina ba shi shayi da cokali ya riƙe mini hannu. Bakinsa ya karkace, amma ana gane abin da yake faɗi.

"Hanaa, Mukhtar ya ƙare hoton nan nau?"

Na ce, "Shina kai, Baba."

Ko inda-inda ban yi ba. Abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

Lahadi, 18 ga Satumba. Hantsi.

Na kunna kwamfuta na nemo hoton da Baba yake tambaya.

Bari in rubuta yadda aka yi, don in sauke haushin a wani wuri. Muna da koren ƙyalle da muke ratayewa a bangon tsakar gida. Mutum ya tsaya gabansa a ɗauke shi, daga baya a cire koren a kwamfuta a sa masa abin da ransa yake so a baya. Amare lambu suke so da ruwa mai zubowa daga dutse. Samari kuwa gadar Khartoum, ko motar da ko tayarta ba su taɓa taɓawa ba. Baba ya shekara uku yana kiran abin ƙaryar zamani. Sai washegarin Sallah, muna zaune ƙarƙashin rumfa, ya ce wa Mukhtar ya sa shi a gaban masallacin Madina.

Ba mu yi dariya ba. Mahaifin Baba da ƙafa ya taso daga ƙasar Sakkwato zai je hajji, guzuri ya ƙare masa a nan, ya tsaya tsinkar auduga wai na shekara ɗaya. Kabarinsa yana bayan babbar tur'a da ke shayar da gonakinmu. Baba ya gaji hawashar, ya gaji niyyar, ga shi ya haura saba'in bai wuce garin Madani na nan ƙasar ba.

To sai ya shiga ɗaki ya fito sanye da koriyar jallabiyarsa ta zikirin Juma'a. Mukhtar ya dafe kai.

"Baba, billahi ka canza. Kore kan kore ba ya yi."

"In tahi gaida Manzon Allah da rigar noma? Wagga Shehu yab ba ni da hannu nai."

"To sa farar."

"Farar ta kasuwa ta."

Suka yi ta ja. Ƙarshe Mukhtar ya ce, "Halas, bar ta. Ni na san yadda zan yi da ita." Haka yake kullum. Shi ya san yadda zai yi, kuma bai taɓa zama ya nuna wa mutum ba.

Daƙiƙa arba'in ce. Baba ya yi sallama, ya ɗaga hannu ya yi addu'a, ya shafa.

Litinin, 19 ga Satumba. Azahar.

Na gwada. A manhajar akwai wani ɗan tsinke da ake ɗorawa a kan launin da ba a so, a danna, launin ya ɓace. Na ɗora shi a kan ƙyallen na danna. Ƙyallen ya tafi, Baba ya tafi tare da shi. Saura farin rawani, da fuska, da tafukan hannu biyu suna yawo a sama, ana hango ginshiƙan masallaci ta inda ƙirjinsa yake.

Dariya ta ƙwace mini. Na yi ta yi har na riƙe ciki, daga nan ban san lokacin da ta juye ba. Inna ta leƙo ta ce lafiya, na ce barkono na taɓa.

Talata, 20 ga Satumba. Safe.

Babu wuta.

Alhamis, 22 ga Satumba. Bayan La'asar.

Kawu Alhasan, ƙanen Inna, ya tafi Sinja inda aka ce mutanen da suka fito daga Damazin suna sauka a makarantu. Ya tafi da hoton fasfo na Mukhtar. An gaya wa Baba ya je neman magani.

Ni kuma na wuni ina ja da layukan da ke ƙarƙashin tsinken. In na matsa ɗaya hagu jallabiyar ta dawo, ƙyallen ma ya dawo. In na matsa dama su tafi tare kamar sun yi alkawari. Koren jallabiyar ya ɗan fi duhu, na sa rai a kan wannan, ashe inuwar Baba da ke kan ƙyallen duhunsu ɗaya da ita. Kuma ƙyallen ba a goge shi ba, duk ya yamutse. Ni aka ce in goge ranar, na ce ai Sallah ce, ba na taɓa dutsen guga.

Juma'a, 23 ga Satumba. Bayan an sauko daga masallaci.

Ya sake tambaya. Na ce Mukhtar ya bugo yana barci, ya ce a gaishe shi, saura kaɗan.

"Mi yac ce kuma?"

"Ya ce ka riƙa shan magani."

Ya daɗe yana kallon rufin ɗaki. Ya ce, "Wanga yaro ya yi hankali."

Na fita na tarar da Inna a bakin ƙofa da tsintsiya a hannu, ba ta share komai. Ba ta dube ni ba, ni ma ban dube ta ba.

Litinin, 26 ga Satumba. Kafin Magariba.

Na kwafe hoton a filas ɗin kwamfuta na shiga mota zuwa Sinnar, wurin Abdussalami, abokin Mukhtar mai shagon bidiyo a bayan kasuwa. Shi Hausarsa duk ta zama rabi, sai ya fara magana Larabci ya ƙwace. Ya kalla sau biyu, ya yi tsaki.

"Ya Hanaa, wannan ma fi, babu hanya sai da hannu. Ki manta da tsinken a kan jikinsa. Ki ɗauki alƙalami ki zagaye shi, ɗigo-ɗigo, daga wuya har ƙasa. Abin da ke cikin zanen ki ce wa na'ura kar ta taɓa."

Na ce ai wannan da sauƙi.

Ya ce, "A daƙiƙa ɗaya hoto ashirin da biyar ne. Lissafa."

Dubu ɗaya. Ya nuna mini yadda zan gyara zanen a wani hoto in tsallake kaɗan in sake gyarawa, na'urar ta cike tsakani. Amma ya ce inda Baba ya ɗaga hannu, hannun rigar yana lilo, nan kam ɗaya bayan ɗaya ne. Ya ce in ina so ya ara mini kamara in sake ɗaukar tsohon da farar riga, minti biyar an gama.

Na ce, "Mutumin da ba ya iya zama sai an tokare shi da matashi? Da wannan bakin zai yi wa Annabi sallama?"

Ya ce ma'alesh, in yi haƙuri. Ni ma na san na yi masa tsawa ba laifinsa ba. Yana raka ni ya ce, "Mukhtar, Allah ya…" sai ya haɗiye sauran, ya shiga gyara wayoyin da ba su lalace ba. Da na san haka zai yi da ban je ba.

Laraba, 28 ga Satumba. Hantsi.

Hoto arba'in da ɗaya.

Alhamis, 29 ga Satumba. Azahar.

Kawu ya dawo daga Sinja. Shi kaɗai. Ya ci abinci kaɗan, ya ce in an buɗe hanya zai shiga can ciki da kansa.

Casa'in. Wuta ta ɗauke ban adana ba, na koma saba'in da biyu. Na zagi masu wutar har kakanninsu, sannan na yi istigfari, sannan na sake zagin su.

Lahadi, 2 ga Oktoba. Bayan La'asar.

Ban taɓa kallon mahaifina haka ba. Mu ba a kallon uba ido cikin ido, sai ga ni ina ƙara girman kafaɗarsa har ta cika fuskar kwamfuta, ina bin ta da ɗigo. Ashe kafaɗarsa ta hagu ta fi ta dama sauka, ɗaukar magirbi ne na shekara hamsin. Ashe akwai ɗinki a hammatar jallabiyar da baƙin zare, aikin Inna ne, ita ba ruwanta da launin zare. Ashe in zai ambaci sunan Manzon Allah sai ya ɗan ɗaga dugadugansa kamar yaro mai leƙen katanga.

A can yana tsaye da ƙafafunsa biyu. Ina tashi daga nan in shiga ɗaya ɗakin in juya shi don kada bayansa ya yi gyambo. Wani lokaci nakan rasa wanne ne Baban.

Ina tausayinsa, kuma ina jin haushinsa. Da ya sa farar rigar da tuni an gama, da ban zauna ina ƙirƙiro gaisuwar ƙarya kullum ba.

Talata, 4 ga Oktoba. Safe.

Ɗari biyu da goma. Idona yana ruwa. Aikin ne.

Juma'a, 7 ga Oktoba. Hantsi.

Tun farko a kashe nake aiki da sautin. Yau gwiwar hannuna ta taɓa wani abu, muryar Mukhtar ta fito da ƙarfinta, daga bayan kamara: "Yawwa Baba, ɗaga kai kaɗan. Tamam."

Inna tana tsakar gida da tiren kofuna. Na ji faɗuwarsu. Ta shigo da gudu ba mayafi, tana duba bayan ƙofa, wallahi har bayan ƙofa ta duba. Da ta ga kwamfutar sai ta tsaya. Ta ce, "Kashe." Na kashe. Ta juya za ta fita, ta tsaya a bakin ƙofa ta ba ni baya.

"Ɗiyar nan, kin ci abinci?"

Na ce na ci. Muka tsince fasassun kofunan tare. Daga ɗaki Baba yana kira, wa ya zo, wa ya zo. Inna ta ce masa akuya ce ta ture tire.

Na zare wayar lasifikar gaba ɗaya na jefa ta ƙarƙashin gado.

Litinin, 10 ga Oktoba. Azahar.

Kawu ya tafi. Wannan karon can ciki.

Laraba, 12 ga Oktoba. Bayan La'asar.

Na iso wurin addu'ar. Abdussalami bai yi ƙarya ba. Hannun jallabiyar faɗi gare shi kamar buhu, ga iska tana kaɗa shi, kowane hoto da nasa fasalin. Wuni guda na yi goma sha tara. In na yi gaggawa gefen rigar sai ya riƙa rawa kamar tafasar ruwa, kowa ya gani ya san an yi ha'inci.

Ga kuma gemu. Hasken ƙyallen ya zuba a kan furfurarsa, gefenta ya yi kore-kore. In na bar shi, Baba ya fito da gemu kamar gansakuka. In na cire, na'urar ta cinye rabin gemun. Na zauna ina rage koren kaɗan-kaɗan ina ƙara ja, har ya koma fari mai ɗan datti. Haka gemun yake dama.

Matan maƙwabta sun shigo duba Baba. Suna fita ɗaya ta ce wa Inna, "Ita Hanaa kullum tana ɗaki gaban talabijin, a irin wanga hali?" Na ji ta. Ban fito ba, don in na fito sai an raba mu.

Asabar, 15 ga Oktoba. Safe.

Jikin Baba ya yi zafi kwana biyu. Ba ya son asida, tuwonmu na nan, ba ya son madara. Jiya bai tambaya ba. Na zaci in ya daina tambaya zan samu sauƙi, ashe rashin tambayar ya fi ciwo. Na shiga na fita sau shida ina jira.

Ɗari huɗu da sittin. Ya Allah, ka bar mini shi har in gama. Na san ba a yi wa Allah ciniki, amma na faɗa.

Lahadi, 16 ga Oktoba. Hantsi.

Ya tambaya. Alhamdu lillahi. Na yi masa ƙarya da murnata.

Alhamis, 20 ga Oktoba. Bayan Azahar.

Kawu ya dawo.

Ya kawo jakar kamarar. Ba zan rubuta komai a kan jakar ba.

Sun shiga ɗakin girki shi da Inna sun ja ƙyaure. Sun daɗe. Da ta fito ta ɗauki tulu ta tafi tur'a ɗebo ruwa, alhali randunanmu a cike suke. Ta dawo da tulun babu komai a ciki, fuskarta a wanke. Ta shiga wurin Baba ta ce masa Alhasan ya samo maganin.

Kawu ya zo ƙofar ɗakina ya ce, "Hanaa." Na ce, "Kawu, ina aiki." Ya tsaya, ya tsaya, ya tafi.

Juma'a, 21 ga Oktoba.

Ban kunna ba.

Asabar, 22 ga Oktoba.

Ban kunna ba. Wuta ta wuni, kamar da gayya.

Litinin, 24 ga Oktoba. Safe.

Inna ce ta kunna ta. Ban san ta san inda ake dannawa ba. Na shigo daga wanka na tarar da ita a kan kujerata, hannuwanta a cinya.

Ta ce, "Saura nawa?"

Na ce kusan rabi.

"Ki ƙare shi kahin Arfa. Kullum in anka yi maganar alhazai sai ya juya huska bango. Ya ga abin nan da ido nai, ko mi za ya biyo baya ya biyo."

Na ce, "Inna, har yaushe za mu…"

"Har ya iya zama da kai nai. Ba ni rasa biyu wata guda."

Iyakar abin da aka faɗa ke nan a gidan nan, kuma ita ta faɗa. Ta tashi ta ba ni kujerar.

Alhamis, 27 ga Oktoba. Bayan La'asar.

Ɗari shida da tamanin. An fara cirar gyaɗa, Kawu da 'ya'yansa ne suke yi mana tamu. Ƙamshin ɗanyar gyaɗa ya cika hilla. Bara war haka ni da wani muna faɗa a kan wa ya cinye dafaffiyar da aka ajiye wa Baba. Shi ya cinye.

Lahadi, 30 ga Oktoba. Azahar.

Ya sauke hannu, ya shafa. Daga nan aikin gudu yake. Ɗari takwas da saba'in.

Yatsana na dannawa ya kumbura, na koma yi da na tsakiya. Baba ya zauna yau da matashi biyu, ya sha rabin kofin madara da hannunsa na hagu. Ya ce me Mukhtar ya ce. Na ce ya ce ranar Arfa zai aiko da shi ta waya. Ya ce, "Ta waya." Na ce ƙwarai, yanzu haka ake yi.

Alhamis, 3 ga Nuwamba. Kafin Magariba.

Dubu.

Na ɗora shi a kan hoton Madina da muke sa wa alhazan da suka dawo ba su ɗauko komai ba. Farfajiyar masallaci da hantsi, tattabaru suna sauka, kubbar tana can sama ta bayan kafaɗarsa. Na yi masa 'yar inuwa a ƙasa don kada ya zama kamar yana shawagi. Na rage hasken fuskarsa ya dace da na wurin. Na kalla daga farko har ƙarshe ina neman aibu, na samu biyu, a gwiwar hannu da gefen rawani, na gyara.

Ya yi kyau. Ba yabon kai ba, ko mai shagon Damazin iyakar abin da zai yi ke nan. Na juya in faɗa wa wani, babu kowa a ɗakin.

Asabar, 5 ga Nuwamba, ranar Arfa. Bayan La'asar.

Sai na rubuta wannan.

Da hantsi Kawu ya taya ni muka ɗauko kwamfutar muka ɗora a kan teburin shayi a gaban gadon Baba. Na lalubo wayar lasifikar na mayar, don na riga na share muryar bayan kamara, saura ta Baba kaɗai. Inna ta tokare shi da matasai, ta sa masa tabarau. Na danna.

Ya ga kansa a tsaye. Ya ji sallamarsa da bakinsa na da. Leɓensa yana bin addu'ar, da aka shafa ya ɗaga hannun hagu ya shafa shi ma. Hawaye ya bi ta gefen da ya shanye, Inna ta goge masa da bakin mayafinta. Ya ce, "Masha Allah. Ga ni, ga kubba." Kawu ya ce Allah ya sa a je da ƙafa. Muka ce amin. Na ji wani nauyi ya sauka daga wuyana, na ce a raina shi ke nan, na fita.

Sai ya ce, "Hanaa."

"Na'am, Baba."

"Wanga aikin hannunki na."

Na buɗe baki, ya ɗaga mini yatsa.

"Mukhtar bai da haƙurin ga. Da shi na, da ya yanke min hannun riga ya ce iska ta." Ya numfasa, magana tana yi masa wuya. "Kin kyauta. Allah shi yi miki albarka. Amma kin hidda ƙyallen, kin hidda yaron. Ina wurin da yash shigo?"

Babu wanda ya motsa.

Akwai abin da ban rubuta a littafin nan ba. Ɗaukar ba daƙiƙa arba'in ba ce, hamsin da ɗaya ce. Tun ranar farko na yanke goma sha ɗaya na farkonta na ajiye a wani wuri, ban sake buɗewa ba. Na ce wa kaina ai ba sa cikin aikin.

Na dubi Inna. Ta sunkuyar da kai. Baba ya ce, ba da faɗa ba, "Mairama, ɓarin jiki nau yam mutu, ba kunne ba. Wata biyu ina jin ku kuna tahiya kamar masu satar kaji. Na bar ku don na ga kuna so." Ya juyo gare ni. "Mai da ƙyallen, ɗiyata."

Na rufe Madina. Na buɗo ɗanyen, yadda aka ɗauke shi.

Ga bangon gidanmu, ga ƙyallen a yamutse, gefe ɗaya ya zame ana ganin igiyar shanya. Ga Baba ya ƙame kamar soja. Sai kamarar ta ɗan girgiza, Mukhtar ya shigo ta hagu da farar rigarsa mai gajeren hannu, ya ba mu baya. Ya kama rawanin Baba da hannu biyu ya daidaita shi, ya ja wuyan jallabiyar, ya kakkaɓe masa kafaɗa. Baba ya buge masa hannu. Ya yi dariya, ya juyo, fuskarsa ta cika wurin, ya ce, "Hanaa, ki shaida, Alhaji ya ƙi canza riga." Ya fita ta inda ya shigo.

Inna ta toshe bakinta da mayafi, sautin ya fito duk da haka. Kawu ya fita waje.

Baba ya ce, "Sake."

Na sake. Ya ce sake. A na huɗu ya ce in tsayar da shi inda ya juyo, na tsayar. Ya ce in matso da teburin. Ya miƙa hannun hagu ya ɗora yatsu a kan gilashin, ya daɗe a haka. Sannan ya karanta abin da ake karantawa, a hankali, har ƙarshe, bai yi tuntuɓe ko a harafi ɗaya ba.

Bai sake neman na Madina ba. Mako bakwai na yi a kansa, kuma wallahi ban ji zafi ba.

Litinin, 7 ga Nuwamba, washegarin Babbar Sallah. Hantsi.

Jiya bayan an sauko idi Baba ya kira Kawu ya ce a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, kwana uku, a gaya wa liman. Ya sa aka ɗauke shi da gadonsa aka fitar da shi rumfa, wai shi zai karɓi mutane da kansa. Tun safe suke zuwa, har daga Sinnar. Ina jin su daga nan, suna ɗaga hannu suna Fatiha. Inna ta samu ta yi kukanta da ƙarfi a tsakiyar mata, ni ma na yi nawa.

Yadda abin ya faru, da inda aka sa shi, Kawu ya sani. Ban tambaye shi ba tukuna.

Yayana Mukhtar ya rasu. Ga shi na rubuta. Ana kirana in kai shayi.